Yadda Ake Gudun Motsa Jiki a Gaɓar Iskandariyya

A 'yan shekarun nan gudun motsa jiki ya samu karɓuwa a wurin matasanmu na Jidda da Makka, har ma da magidantan da likita ya ja wa kunne a kan ciwon sukari da hawan jini. Mafi yawansu a bakin Bahar Maliya suka koya, inda ake fita bayan isha'i saboda ranar Hijaz ba ta san sassauci ba, a kan hanyar da aka gyara aka shimfiɗe da kyau, ga fitilu, ga wurin ajiye mota. Idan hutun makaranta ya zo, ko jinya ta kai mutum Masar, ko ya je duba ɗa ko ƙane da ke karatu a can, sai ya jefa takalmin gudunsa cikin jaka yana zaton teku duk teku ne. Wannan zaton nake so in gyara. Iskandariyya a bakin Bahar Rum take, kuma wanda zai yi gudu a gaɓarta sai ya fara duba agogo da iska da watan da ake ciki kafin ya yanke shawarar inda zai dosa, domin hanyar da ta yi daɗi da asubahin Juma'a tana iya zama azaba da la'asar ɗin ranar.

Garin dogo ne marar faɗi, ya miƙe a gefen ruwa daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas kamar tabarmar da aka shimfiɗa a bakin kogi. Babbar hanyar gaɓa, wadda kowa ke kira kornish kamar yadda muke kiran tamu, ta taso daga ganuwar Ƙaitbai a yamma ta ƙare a lambun Muntaza a gabas, tsawonta ya haura kilomita 16. A taswira sunanta biyu ne: ɓangaren da ya kewaye tsohuwar tashar jiragen ruwa shi ne Titin 26 ga Yuli, sauran kuma Tariƙ al-Gesh, wato hanyar sojoji. Mai Larabcin Hijaz ya lura cewa mutanen Masar suna mayar da harafin jim zuwa "g", saboda haka idan zai yi tambaya ya ce Sidi Gabir, ya ce al-Gesh, za a fi saurin gane shi. Wanda ya dosa Muntaza teku na hagunsa, wanda ya dosa Ƙaitbai kuma yana damansa, kuma da wannan kaɗai baƙo ba zai ɓata ba.

Shawarata ta farko ita ce ranar da ka sauka kada ka yi gudu. Washegari da safe ka taka da ƙafa, cikin natsuwa, tsawon ɓangaren da ya fi kusa da masaukinka, kana lura da abubuwa uku: inda dakalin masu tafiya ya tsuke ko ya yanke, inda motoci ke shiga wuraren shan shayi da kulob-kulob da aka gina a gefen teku, da kuma inda hanyoyin ƙarƙashin ƙasa suke. Na ukun nan ya fi kowanne muhimmanci. Gidaje da otal-otal galibi a ɗaya gefen titin suke, dakalin gudu kuma yana gefen ruwa, don haka dole ne ka tsallaka, kuma titin mai layuka da yawa ne, direbobi kuma da asuba, ganin hanya ta yi fili, gudu suke yi babu ƙaƙƙautawa. An haƙa hanyoyin wucewa ta ƙarƙashin titin a wurare da dama, mutanen garin suna kiran kowace nafaƙ. Ko da mafi kusa tana da nisan mita ɗari uku daga ƙofarka, ka bi ta, ka ɗauki wannan tazarar a matsayin ɗumama jiki. Za ka ga 'yan gari suna ratsa motoci kamar kifi a ruwa; su sun girma a haka, kai kuwa baƙo ne, kuma baƙo ko da ido makaho ne.

Hanyar tsohuwar tashar jiragen ruwa

Idan mutum kwana biyu kawai zai yi a garin, wannan ita ce hanyar da zan zaɓa masa ba tare da wani dogon tunani ba. Ana farawa daga gaban babban ɗakin karatu na Iskandariyya, wanda aka buɗe a shekarar 2002, mai rufi kamar faifan da aka jingina yana kallon teku, a bi lanƙwasar tashar har zuwa ganuwar Ƙaitbai. Zuwa kilomita huɗu ne da 'yan kai, zuwa da dawowa kuma ya ɗan haura takwas, wanda ya isa ga mai matsakaicin ƙarfi. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, ga gajeriyar katangar dutse tsakaninka da ruwa, kuma tun daga mafari kana hango ganuwar a ɗaya ɓangaren, abin da ke ƙara wa mai gudu ƙwarin gwiwa ko da yake yana yaudarar ido, domin tana nan kamar kusa alhali lanƙwasar tana da tsawo.

Alamomin hanyar suna da sauƙin riƙewa. Jim kaɗan da tashi za ka wuce masallacin Ƙa'id Ibrahim da doguwar hasumiyarsa, sai dandalin Sa'ad Zaglul kusa da Mahattat ar-Raml, inda tsohon otal ɗin Cecil yake tun 1929. Daga nan sai Manshiyya da ginin tunawa da sojan da ba a san sunansa ba, kuma idan ka kai nan ka ci kusan rabin zuwa. Gaba kaɗan unguwar Bahari da Anfushi ce, inda warin kifi zai sanar da kai ka iso tun kafin ka ga kwale-kwalen masunta masu launin shuɗi da kore suna lilo a ruwa. A hagunka akwai masallacin Abul Abbas al-Mursi, shehin da aka haifa a Mursiya ta ƙasar Andalus ya zo ya rasu a nan, kuma dab da shi akwai masallacin Imam al-Busiri, mai yabon Manzon Allah (SAW) da da yawa daga cikinmu suka ji iyayensu suna rerawa tun suna yara. Wanda ke da sha'awar ziyara ya ware mata lokaci dabam, ya zo da tufafin da suka dace. Ba kyau mutum ya shiga irin wannan wuri da gajeren wando yana ɗigar zufa. Daga masallacin zuwa ganuwar bai kai kilomita ɗaya da rabi ba. Sarki Ƙaitbai na daular Mamalik da ta mulki Masar ne ya fara gina ta a 1477, a kan gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, wadda girgizar ƙasa ta rusa, kuma a ƙofarta ake juyawa.

Abin da ya sa na fifita wannan hanya shi ne tashar tana da kariyar shingen duwatsu, saboda haka ruwanta ya fi na sauran gaɓar kwanciya, kuma ko a ranar iska ba ta kai sauran wurare tsanani ba. Aibinta ɗaya ne: tsakiyar gari ce. Da ƙarfe takwas ta yi, hayaƙin motoci da karusan dawakai da ake kira hantur da masu tafiya aiki sun cika ko'ina, da yamma kuma iyalai ne ke zaune a kan katangar suna cin gasasshiyar masara da wani nau'in wake da ake kira tirmis, babu inda za ka sa ƙafa. Saboda haka lokacinta daga fitowa sallar asuba ne zuwa wajen bakwai da rabi, kuma mafi kyawun rana ita ce Juma'a, domin hutun mako a Masar Juma'a da Asabar ne kamar namu, garin kuma yakan makara bai tashi ba.

Akwai abu ɗaya da ya same ni a ƙarshen wannan hanya wanda nake so mai karatu ya ji, don kada ya maimaita. Wata safiya ce a watan Janairu, kwana ɗaya bayan an sha ruwan sama da iska, muka fita da ɗan ƙanwata da ke karatu a garin. Da muka kai gindin ganuwar sai na hango manyan tubalan kankare da aka jera don karya ƙarfin igiyar ruwa, wasu masu fatsa suna tsaye a kansu, na ce bari in hau in miƙe ƙafa in kalli teku. Yaron ya ce, "Kawu, kada ka taka inda ya yi kore." Ban gama jin maganar ba na taka. Gansakuka ce mai santsi kamar kuɓewa, ƙafata ta dama ta tafi, na zauna daɓas a kan kwankwaso, tafin hannuna ya goge a kankare har ya yi jini. Wani dattijo mai fatsa, da ko juyowa bai yi sosai ba, ya nuna takalmina da bakin sandarsa, sannan ya nuna nasa tsohon takalmin roba, ya girgiza kai. Kwana shida ban sake gudu ba, rabin hutuna ke nan. Takalmin gudu an yi shi ne don busasshiyar hanya, kuma duk inda ruwan teku ke taɓawa a kai a kai, ko dutse ne ko kankare ko matakala, ka ɗauka yana da santsi ko da idonka bai nuna maka ba.

Daga ɗakin karatu zuwa gabas

Hanya ta biyu tana tashi daga wuri ɗaya da ta farko amma ta juya wa tashar baya. Ana wuce Shatbi, inda gine-ginen jami'a suke, sai Kamb Shizar, Ibrahimiyya, Isboting, Kiliyobatra, Sidi Gabir, Rushdi, har zuwa gadar Istanli, tazarar da ta kai tsakanin kilomita biyar da shida. A nan babu shingen da ya tare teku, Bahar Rum ne tsagwaronsa, da raƙuman ruwa masu dukan duwatsu suna watsa feshi. Farkon hanyar yana da faɗi da daɗin gudu, kuma a nan za ka fi haɗuwa da 'yan gari masu gudu rukuni-rukuni da safiyar Juma'a. Amma wajen Sidi Gabir da Mustafa Kamil gine-ginen kulob da wuraren cin abinci sun shiga tsakanin mai tafiya da ruwa, dakalin yakan tsuke, motoci kuma suna shiga suna fita, saboda haka a wannan yanki ka rage sauri, ka cire abin sauraro daga kunne idan kana amfani da shi. Ni a ganina ma bai kamata a sa shi ba sam a kornish ɗin Iskandariyya, domin kunne rabin tsaro ne a wurin da babur ke iya hawa dakali ba sallama.

Gadar Istanli, wadda aka buɗe a 2001, tsawonta kimanin mita 400 ne, tana da hasumiyoyi huɗu, kuma ta ratsa saman wani ɗan lungun teku mai rairayi. Tana da ɗan tudu a tsakiya, shi ne kusan hawa ɗaya tilo da ke kan dogon kornish ɗin, kuma masu son ƙarfafa ƙafa sukan yi ta kaiwa da komowa a kanta sau biyar ko shida da sassafe. Da dare kuwa wurin ɗaukar hoton amare ne da masu yawon shan iska, ko tafiya da ƙyar ake yi. Wanda ya ji da sauran ƙarfi yana iya zarcewa ta Gilim zuwa San Istifano, inda wani katafaren gini mai otal da kasuwa yake, ƙarin kilomita biyu da rabi ko uku.

Ɓangare na uku, daga San Istifano ta Sidi Bishir, Mayami, Asafra da Mandara zuwa ƙofar Muntaza, ba zan daɗe a kansa ba. A nan ne mafi yawan wuraren wankan teku na jama'a suke, kuma daga Yuni zuwa Satumba mutanen Alƙahira da na sauran lardunan Masar suna kwararowa nan gudun zafi, har garin ba ya barci. Da asuba za ka tarar da ragowar masu hira ba su tashi ba, ga kujeru da laimomi, ga rairayin da aka kwaso da ƙafa ya rufe dakali. Yawancin masu zuwa daga Saudiyya a wannan yanki suke kama gida, saboda haka ba makawa za su bi ta nan. Su dai su fita da wuri sosai. A lokacin sanyi kuwa wurin yakan zama fayau, kuma a lokacin yana da daɗi. Akwai wata rijiya a cikin dutse a bakin ruwa, Bir Mas'ud, wadda ruwan teku ke shiga ta ƙarƙashinta, tana da kyau a matsayin alamar juyawa.

Lambun Muntaza shi ne wurin da zan tura mata, da dattawa, da duk wanda gwiwarsa ba ta son kankare, da kuma mai gudu tare da yara. Tsohon wurin hutun gidan sarautar Masar ne: Khidiwi Abbas Hilmi na Biyu ya gina fadar Salamlik a 1892, Sarki Fu'ad na Ɗaya kuma ya ƙara babbar fadar Haramlik a 1932. A ciki akwai inuwar dabino da sauran itatuwa, da hanyoyi masu ɗan hawa da gangara, da wata gada da ke kaiwa wani ɗan tsibiri, kuma hayaniyar titi ba ta isa can. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ƙofar tana da lokacin buɗewa, don haka ka tambayi mai gadi tun ana gobe don kada ka zo da duku-duku ka tsaya a waje. 'Yan'uwanmu mata da suka saba gudu a Jidda da abaya ta motsa jiki ko dogon wando da riga mai faɗi ba sa bukatar canza komai a shigarsu, amma a kan kornish ya fi dacewa su fita su biyu ko uku, ko tare da muharrami, kuma bayan gari ya waye.

Wanda ke shirin gudun dogon zango kuma yana so ya haɗe gaɓar duka daga Ƙaitbai zuwa Muntaza, ya yi ta zuwa ɗaya kawai, ya dawo a mota. Ƙananan motocin haya da mutanen Iskandariyya ke kira mashru' suna zirga-zirga a kan kornish dare da rana, akwai kuma tasi masu launin baƙi da rawaya. Ka sa 'yan canji na kuɗin Masar a cikin leda, domin zufa tana jiƙa takarda, kuma ka riƙe busasshiyar riga a ƙugu saboda waɗanda za ka zauna kusa da su.

Iska, sanyi da nawwa

Yanzu ga abin da ya fi yaudarar mutumin Jidda. A watan Agusta zafin Iskandariyya da rana yakan tsaya wajen digiri 30 zuwa 31, wanda a wurinmu kusan sanyi ne, kuma mafi yawan lokaci iska tana busowa daga arewa ko arewa maso yamma, wato daga teku. Wannan iskar tana busar da zufa nan take, sai mutum ya ji bai gaji ba, bai ji ƙishirwa ba, ya ƙara kilomita uku a kan abin da ya saba, alhali danshin iskar yana da yawa kuma jikinsa yana zubar da ruwa kamar yadda yake yi a gida. Hanyar gane gaskiya mai sauƙi ce: ka hau ma'auni kafin ka fita da bayan ka dawo, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da za ka mayar sannu a hankali cikin sa'o'in da ke biye. Ka sha kofi ɗaya ko biyu na ruwa kafin fita, kuma idan gudun zai wuce minti arba'in da biyar ka riƙe ƙaramar gora, domin da asuba ba kowane kanti ne a buɗe ba. Ruwan gora za ka sha, saboda cikin baƙo ba ya sabawa da ruwan famfon wani gari cikin mako ɗaya. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ko fitsari mai duhu sosai, duk alamu ne na a tsaya. A nan dole in yi wata magana da ta shafe mu musamman: ciwon sikila da ɗaukar ƙwayar halittarsa sun yawaita a cikin al'ummarmu, kuma gudu mai tsanani tare da ƙarancin ruwa a jiki yana da haɗari ga masu shi, har da wanda ke ɗauke da rabi bai taɓa kwanciya ba. Wanda ya san yana da shi ya ga likita kafin ya fara, ya kuma gaya wa abokin gudunsa. Lambar motar asibiti a Masar 123 ce, ta 'yan sanda kuma 122.

Game da alkiblar iska, ƙa'idar ita ce ka fara da fuskantarta tun kana da ƙarfi, ka dawo tana tura ka. Kafin ka tashi ka tsaya minti ɗaya a bakin katanga ka duba tuta ko lemar bakin ruwa. Idan iskar arewa ce, ka fara da nufar Muntaza. Idan ta yamma ce, kamar yadda takan zama a kwanakin hadari, ka fara da nufar Ƙaitbai. Wanda ya yi akasin haka zai tafi yana jin kansa kamar barewa, sai ya juyo jikinsa jiƙe da zufa ya tarar da iska mai sanyi tana dukan ƙirjinsa har gida, kuma a lokacin hunturu haka mura ke kama mutane.

Hunturun can ba irin namu ba ne. A Janairu zafin rana yakan tsaya wajen digiri 18, da asuba kuma ya sauka zuwa 9 ko 10, kuma a wannan lokacin ne ake ruwan sama, wanda jimillarsa a shekara ta kusa milimita 200. Ruwan ba ya zuwa a watse, yana zuwa ne cikin guguwar teku da ake kira nawwa, wadda masunta suka san lokutanta har suka raɗa wa kowace suna: al-Maknasa a tsakiyar Nuwamba, Ƙasim a farkon Disamba, al-Faida as-Sagira kafin ƙarshen watan, Ras as-Sana a farkon Janairu, sai al-Faida al-Kabira da al-Gitas da al-Karam duk a cikin Janairu, al-Husum a Maris, sannan Awwa a ƙarshensa, wadda suke cewa bayanta babu sauran nawwa. Kowace takan ɗauki kwana biyu zuwa kusan mako, kuma takan gabata ko ta jinkirta da 'yan kwanaki. Idan ta zo, igiyar ruwa tana tsallake katanga ta zubo kan titi, wani lokaci da tsakuwa da tarkace, magudanai kuma su cika. A watan Oktoba na 2015 ambaliya ta mamaye titunan garin har aka rasa rayuka. A ranar nawwa ba a gudu a kornish, kuma wannan ba wurin nuna jarumta ba ne. Ka tambayi mai gadin gidanku ko mai sayar da shayi, sun fi wayarka sanin ko ta wuce. Wanda ba ya iya haƙura ya koma cikin gari bayan ruwan ya ɗauke, ya zagaya lambun Shallalat inda ragowar tsohuwar ganuwar birnin take, kusa da filin wasa na Iskandariyya da aka buɗe a 1929, wanda ya karɓi gasar wasannin ƙasashen Bahar Rum ta farko a 1951. Kayan sanyin da ake bukata ba su da yawa: riga mai dogon hannu, wata siririya a sama mai tare iska, da hular da ke rufe kunne. Kada ka sa rigar auduga a ciki, domin tana riƙe zufa ta yi sanyi a jiki.

Tsakanin Maris da Mayu kuma akwai khamasin, iska mai zafi da ƙura da ke tasowa daga sahara ta kudu. Wannan mun san irinta, kuma hukuncinta ɗaya ne da na ƙurar gida: mai asma ya zauna a ɗaki, sauran ma su jira ta lafa. Idan aka cire waɗannan kwanaki, watannin Afrilu, Mayu, Oktoba da farkon Nuwamba su ne mafi daɗin gudu a shekara.

Sai a kula da agogo. Tun 2023 Masar ta koma ƙara awa ɗaya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, saboda haka a wannan tsakanin agogonsu da na Saudiyya ɗaya ne, a sauran watanni kuma suna bayanmu da awa guda. Garin ya fi Jidda nisa zuwa arewa, don haka tsawon yini yana sauyawa sosai: a Yuni rana tana fitowa wajen ƙarfe shida, a farkon Janairu kuma sai kusan bakwai. A lokacin sanyi, wanda ya fita da an sallame asuba zai yi fiye da rabin sa'a cikin duhu, don haka ya sa riga mai haske, kuma ya yi hattara da karnukan titi da ke kwana a gefen dakali. Idan sun taso, a daina gudu a koma tafiya, ba a juya musu baya a ruga. Idan hutun ya faɗo cikin azumi, gudu kaɗan kafin magariba yana yiwuwa a watannin sanyi, amma wannan ita ce sa'ar da direbobi ke rige-rigen isa gida, saboda haka na fi son bayan tarawihi, a cikin ɓangaren da ka riga ka sani da rana.

Dakalin kornish dutse ne da kankare da tayil, ya fi kwalta tauri, kuma a wurare da yawa ya ɗan karkata don ruwa ya gangara. Wanda ya yi ta gudu a kansa kullum zai fara jin ƙwaurinsa ko agararsa suna ƙorafi cikin mako guda. Maganin shi ne a yi kwana ɗaya a huta ɗaya a makon farko, kada a wuce nisan da aka saba a gida, kuma a riƙa zuwa da dawowa a dakali ɗaya domin karkatar ta faɗa wa ƙafafu biyun daidai. Kada ka zo da sabon takalmi fil. Wanda ka riga ka taka ya saba da ƙafarka ya fi, muddin bai haura kilomita 700 ko 800 ba. Idan feshin teku ya jiƙa shi, ka ɗauraye shi da ruwan famfo ka cire shimfiɗar ciki ka shanya a inuwa, domin gishiri yana cin ɗinki da manne. Ka riƙe hoton fasfo ɗinka da adireshin masaukinka, kuma kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto kusa da wuraren sojoji, waɗanda akwai su a gefen teku, musamman wajen Ras at-Tin da kuma tsinin Silsila da ke dab da ɗakin karatu.

Idan hutu ya ƙare ka koma Jidda ko Makka, kada ka ɗauki nisan da ka kai a Iskandariyya ka ɗora a kan zafin gida daga daren farko. Sabon da jiki ya yi da zafi yana raguwa idan aka yi makonni a wuri mai sanyi, kuma yakan ɗauki kwana goma zuwa sha huɗu kafin ya dawo. A cikin waɗannan kwanaki ka rage nisan da kusan kashi ɗaya cikin uku, ka sassauta sauri, ka koma fita bayan isha'i da gorar ruwa a hannu, sannan ka riƙa ƙara kilomita ɗaya duk bayan fita biyu ko uku har ka koma inda kake.